Ranar da Kawu Bukar ya mai da ni jaki

Jiya da yamma a rarrafe na zagaye dandamali sau biyu, ɗaliban da nake koya wa wasan kwaikwayo suna ta tafi.

Ni na jawo wa kaina. Na ɗauko Kawu Bukar daga Old Maiduguri don ya ga sabon salon da nake taƙama da shi: wasan barkwanci ba rubutu ba hadda, 'yan kallo su ba da labari, a ƙirƙira nan take. Har da karanta masa ƙa'ida: duk abin da abokin wasanka ya ce kai ne, ba musu, ka karɓa ka ɗora.

Ya gyara hula ya ce, "Modu, wannan ne sabo? Mu a zamaninmu a gindin bishiyar dogon yaro muke haɗuwa mu yi wasan, shugaba ya ce kai manomi, kai alƙali, shi ke nan. Rabinmu ba su yi boko ba, wa zai rubuta?"

Na ce, "To bismillah Kawu, hau mu gani." Na zaci zai noƙe.

Ɗalibai suka ce ya fito a manomin shinkafa na Zabarmari. Ya dafa kafaɗata, ya dubi jama'a ya ce, "Jakin nan nawa yau ya ƙi tafiya."

Na buɗe baki zan yi musu, ya ɗaga yatsa. "Ƙa'idarka ce."

Yau gwiwoyina na ciwo, ɗalibai kuma tambayarsu ɗaya: yaushe Kawu zai dawo?

Wanda tsoho ya taɓa koya wa sana'arsa a gaban jama'a ya yi magana, kada in zama ni kaɗai.