Jibrilla Mai Hoto da Tsohuwar Gulbi

Kafin a san shi da Mai Hoto, Jibrilla mai jakai ake ce masa. Mutumin Tsamaye ne, dogo, siriri, mai yawan dariya. Tun yana saurayi yake kora jakai uku tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, ya kai albasa da taba, ya dawo da kanwa da dabino. A kasuwar Maraɗi ya ga abin da ya raba shi da fatauci: wani mutumin Dahome da akwatin katako mai ƙafa uku. Mutum zai zauna a kujera, mai akwatin ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya cire murfin gilashi ya mayar, sannan ya zura hannu cikin akwatin yana lalube kamar mai neman ƙwai a akurki. Jim kaɗan sai ga fuskar mutum a jiƙaƙƙiyar takarda.

Jibrilla ya riƙa barin kayansa wurin dillali, ya je ya tsuguna yana kallo, har mutumin ya gaji da ganinsa ya fara koya masa. Ya iya haɗa ruwan wankin hoto, ya iya gane hasken da ya isa da wanda ya yi yawa. Da mutumin zai koma ƙasarsu, Jibrilla ya ba da jakai biyu ya karɓi akwatin, ya ɗora shi a kan na ukun.

Matarsa Rahmatu tana surfe a tsakar gida ya shigo.

"Malam, ina sauran jakkan?"

"Ga su nan cikin akwati."

Ta ajiye taɓarya, ta zagaya akwatin tana dubawa. "To shi wanga, dussa yaka ci ko kara?"

Ita ya fara ɗauka a hoto. Ta fito tana dariya har idanunta sun rufe.

Ya kafa akwatinsa gindin wani dogonyaro a bakin kasuwar Sabon Birni, ya rataya labule mai zanen jirgin sama. Angwaye suka riƙa zuwa, da maniyyata masu neman hoton fasfo, da samarin da suka yi sabon keke. Ranar kasuwar garin Isa kuma can yake yini.

Sai fari ya zo. Daminar 1972 ta yi gardama, ta 1973 ta fi ta. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, gulbi ya koma yashi. Bukukuwa suka ragu, ba mai sha'awar zama gaban jirgin sama. Masu zuwa wurin Jibrilla suka zama makiyayan da suka gangaro daga arewa. Mutum zai janyo saniyar da ya fi so, ƙasusuwanta duk a waje, ya ce a ɗauke su tare tun tana iya tsayuwa. Wasu sukan wuce ba su dawo sun karɓa ba, sai Jibrilla ya manna hotunan a allon da ke jikin itacen.

Wannan allo ne ya tsayar da Atiku, wani mutumin garin Isa da ke aiki da wata jaridar Hausa a Kaduna. An turo shi ya ga halin da gida ke ciki. Ya daɗe tsaye yana kallon shanun ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Jibrilla, ni jibi za ni koma," in ji shi. "Amma farin ba shi komawa tare da ni. Ina son ido nan da zai riƙa ganam muna."

Ya buɗe jakarsa ya fito da wata tsohuwar kyamara ta hannu, irin wadda ake riƙewa a daidai cibiya ana leƙa ta ta sama. Ya nuna masa yadda ake ɗaura fim, da yadda ake murɗa shi bayan kowace ɗauka. Suka shirya cewa in fim ya cika, Jibrilla zai ba direban babbar motar da ke zuwa Gusau, daga can a wuce da shi Kaduna.

Abin ya yi wa Jibrilla daɗi: ba ƙafa uku, ba ƙyalle, ba bokitin wankin hoto. Wahalar ɗaya ce. Duk inda aka gan shi sai mutane su bar abin da suke yi, su jera, su ɗaure fuska, su ɗora hannu a gwiwa, domin shi ya koya musu hakan. Dole ya koyi sabon hali. Yakan je ya zauna yana ta hira da ba'a har a manta da abin da ke rataye a wuyansa.

Ya ɗauki mushen shanu a hanyar Kurawa, ya ɗauki rumbunan da aka buɗe ba komai. Wata safiya kuma ya gangara gulbi, inda mata ke tonon yashi suna neman ruwa. Sun yi layi suna miƙa wa juna ƙwarya, suna waƙa suna tsokanar juna. A cikin ramin, wadda ke tonon wata tsohuwar Bafulatana ce, ƙarama, mai giɓi, sunanta Fatu. 'Yan matan sun yi sun yi ta fito su karɓe ta, ta ce ita ta san ƙamshin ruwa, su ba su sani ba. Can sai yashin ya yi duhu, ya fara tsattsafowa. Fatu ta cika 'yar ƙwarya ta ɗaga sama da hannu biyu, ruwan na zuba ta gwiwar hannunta, tana dariya da dukan bakinta. Jibrilla ya danna.

Bayan an sha an huta ya zauna kusa da ita.

"Inna, daga ina?"

Ta ce daga bayan Dakoro. Ɗanta Sodangi ya kora ragowar shanunsu kudu. Ita ciwo ya kama ta a hanya, ya bar ta a wani ƙauye da niyyar dawowa. Rijiyar ƙauyen ta ƙafe, mutanen suka watse, ta biyo wasu har nan, wani gida suka ba ta ɗaki.

"Shi bai san inda nike ba, ni ban san inda yake ba," in ji ta. "Amma yaron yana da kai. Ba ni jin tsoro."

Bayan 'yan makonni direban Gusau ya kawo jarida. Ga Fatu nan a shafin farko, ƙwarya a sama, a ƙasa an rubuta: Hoto daga Jibrilla Na'Allah, Sabon Birni. Aka karanta labarin da ƙarfi a gindin dogonyaro, aka sake karantawa. Jibrilla ya kai wa Fatu har gida. Ta riƙe takardar nesa da ido, ta karkata kai.

"Wagga tsohuwa ta yi kama da innata."

"Ke ce, Inna."

"To, ashe ban lalace ba."

Ba a daɗe ba tankar ruwa ta fara zuwa, daga baya aka turo masu ginin rijiya da siminti. Mutanen kasuwa suka ce hoton ne ya jawo. Jibrilla yakan ce mutane da yawa sun yi magana, nasa dai ya shiga cikin nasu.

Wajen wata uku bayan haka, yana share gilashin akwatinsa, wani Bafulatani mai malafa da sanda ya tsaya a gabansa ya yi sallama. Ya zaro wata takarda daga aljihu, duk mai ya ɓata ta, ya warware ta a hankali. Rabin shafin jaridar ne. Ya ce a kasuwar shanu ta Kontagora ya sayi tsire, aka naɗe masa a ciki. Ya cinye, zai yar da takardar, sai ya ga mahaifiyarsa tana yi masa dariya. Wani dillali ya karanta masa sunan garin, washegari ya bar shanun wurin ɗan'uwansa ya hau mota.

Jibrilla bai ko rufe akwatin ba. Ya gane Sodangi ne, ya ɗauke shi a keken aro, rabin kasuwa na biye da su a ƙasa. Sun tarar da Fatu tana kaɗi a inuwar zana. Ta ɗaga kai, mazarin ya faɗi. Sodangi ya durƙusa a gabanta, ta kama kansa da hannu biyu tana shafawa. Da ta buɗe baki, abin da ta fara tambaya shi ne jar saniyarta.

"Tana nan, Inna. Har ta haihu."

Nan ne ta yi kuka, mata suka rangaɗa guɗa. Masu gidan suka dama ɗan geron da suke da shi, kowa ya kurɓa. Sai da Jibrilla ya koma gida yana ba Rahmatu labari, ta tambaye shi ina hoton, sannan ya tuna kyamarar tana wuyansa tun safe bai taɓa ta ba.

"Kai ma kallo kat tahi," in ji ta.

Labarin ya bazu cikin rugage. Makiyayan da suka rabu da danginsu suka riƙa zuwa a ɗauke su don a sa a jarida. Atiku ya roƙi editansa, aka ware musu ɗan gefe a shafin ciki, fuskoki ƙanana da suna da gari. Yawancinsu ba a ji komai ba. Amma wata mata ta sami ƙanenta a Zuru, wani dattijo kuma 'ya'yansa suka zo daga Shinkafi suka tafi da shi.

Ranar da ruwan kirki ya sauka a damina ta gaba, Jibrilla ya lulluɓe kyamarar da zanen Rahmatu ya fita da gudu. Manya da yara suna tsalle cikin taɓo, shi ma yana ɗauka yana tsalle. Duk hotunan suka fito dishi-dishi, ba a gane fuskar kowa. Atiku ya zaɓi ɗaya ya buga hakanan.

Jibrilla ya ci gaba da aika hotuna shekaru da yawa: cikar gulbi, kokawa bayan kaka, sabuwar gada, kasuwar Isa ranar jajibirin salla. Da idonsa ya yi rauni ya daina ɗauka, amma bai daina zuwa bakin kasuwa ba. Yakan zauna yana kallon masu wucewa, in ya ga wani abu ya yi masa kyau sai ya taɓa na kusa da shi ya nuna masa da haɓa.