Motar da Ba Ta Tari

Har yau in aka ce in faɗi ainihin aikin ƙungiyar nan da ta sauya mana mota a Doha, sai in fara inda-inda. Ni direba ne. Bas nake ja, bayan la'asar in kwashi masu gadin kamfaninmu daga masaukansu a Mu'aither in rarraba su wuraren aiki, in kwaso waɗanda suka tashi. Iyakar sanina ke nan, kuma ya ishe ni.

Wata safiya sufabaiza ya tara mu a gareji ya ce mun yi baƙi. Mutum ne mai saurin magana, kafin ka ce masa ina kwana ya ce maka yalla, wato yi sauri. Babbar baƙin wata Baturiya ce doguwa, kowa Madam yake ce mata. Ta tsaya a gaban wata sabuwar bas fara sol ta ce wannan da lantarki take tafiya, ba dizal, ba hayaƙi ko na ƙwayar zarra. Ta ce su ba mota suke sayarwa ba. Ba gwamnati ba ne. Ba na kamfaninmu ba ne. Kuma ba riba suke nema ba.

Na ɗaga hannu. Da guntun Turancina na ce, "To Madam, me kuke ci?"

Aka kwashe da dariya, har da ita. Ta yi min bayani a hankali, wai suna roƙo ne daga masu hali, su tallafa wa kamfanoni irin namu su iya sayen motocin, sannan su bi ofis-ofis suna lallashin manya a ƙara wuraren caji. Na gyaɗa kai don kada a ce na cika gardama, amma kaina a ɗaure yake tamau. A garinmu wanda ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa dillali ne, dillali kuma yana da la'ada. Wannan ga shiga tsakani, ga wahala, ga rana, ba la'ada. Na ce a raina akwai dai abin da ba a gaya mana ba.

Ni aka ba wa sabuwar motar, wai don na fi daɗewa a hanyar. Sauran direbobi suna ta yi min murna, ni kuwa tunanin Baba nake yi.

Baba dattijo ne ɗan wajenmu, mai gadi a wani sito can bayan gari. Ba dangina ba ne, amma shi ya riƙe ni lokacin da na zo ban san kowa ba, shi ya nuna min inda ake samun garin tuwo, shi yake min faɗa in na yi fushi da sufabaiza. Yana kwana a wani gida daban, shi kaɗai ne ɗan kamfaninmu a layin, don haka shi nake ɗauka a ƙarshe. Idonsa ya yi yana. Ni kaɗai na sani. Ya ce min abu na kusa yana ganin inuwarsa, na nesa kuwa, musamman in rana ta doso yamma, kamar ta cikin gilashin da ya yi gumi yake hango shi. Aikin ƙofar siton ya haddace shi, ya san kowace mota da muryar kowane direba. Shirinsa shi ne ya lallaɓa har hutunsa ya zo bayan babbar salla, ya je gida a yi masa aiki a asirce, ya dawo. Autarsa tana makarantar koyon aikin jinya, yana so ya ga ta gama kafin ya ajiye kaki. In kamfani ya ji labarin idon kafin lokacin, khalas, shi ke nan, jirgin gida za a sa shi.

A bakin layin nasu, gaban wani kanti, bas-bas na kamfanoni daban-daban ke tsayawa a lokaci ɗaya, dukkansu farare, dukkansu iri ɗaya. Baba ba ya iya karanta rubutun jikinsu. Tsohuwar motata yake ganewa da tarinta. Tana da wani tari in na sauke giya, ni kuma in na tsaya sai in taka totur sau biyu. Da jin haka sai ya taho kai tsaye, da jakarsa a kafaɗa, kamar mai ido huɗu. Yakan shigo yana cewa, "Direba, ka kai tsohuwar nan asibiti mana." Ni kuma in ce, "Baba, in ta warke wa zai kira ka?"

To ga shi ta warke.

Ranar farko da na ja sabuwar, na danna maɓalli na zauna ina jira ta tashi. Na jira, na jira. Sai wani makanike ya leƙo ya ce ai tun ɗazu a kunne take. Kai! Na ji kunya. Ba giya, ba tari, ba jijjiga, sai wani ɗan zuuu kamar sauro ya wuce. Na isa layin su Baba na tsaya, ƙafata da kanta ta nemi totur ta taka sau biyu, motar ko gezau. Baba yana tsaye yana kallon hanya. Hon kuma an hana mu a unguwar, don masu gidajen sun taɓa kai ƙara. Ban san lokacin da na zuge gilashi na miƙa hannu na daki jikin motar sau biyu ba, bam bam. Baba ya juyo, ya yi ɗan jim, sai ya taho.

Da ya zauna a bayana ya sunkuyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Wannan mota ce ko aljana?"

Daga ranar dukan jikin mota ya zama alamarmu. Sauran masu gadin, 'yan ƙasashe daban-daban, suka ɗauka wata tsiya ce tawa ta direbobi, ba wanda ya tambaya.

Gaskiya kuma ba zan ɓoye ba, motar ta yi min daɗi, abin da ya ƙara rikita ni ke nan. Ciwon kan da nake kwana da shi ya tafi. Rigata ta daina warin dizal. Kafaɗata ta huta da kokawa da giya a cunkoson Madinat Khalifa. Na so in ƙi ta saboda Baba, ta ƙi ƙiyuwa.

Bayan 'yan makonni Madam ta dawo, ta zaunar da mu a inuwa, aka kawo shayin karak, ta ce kowa ya faɗi matsalar da ya gani, kada a ji nauyi. Wani ya ce caji yana ɗaukar lokaci. Wani ya ce in an ƙure sanyi batir yana saurin sauka. Da aka zo kaina na daɗe ina juya maganar. In na faɗi dalili, na tona Baba. In na yi shiru, kullum hannuna ne a jikin ƙarfe mai zafi. Sai na ɗauki tsakiya na ce, "Madam, motar nan shirunta ya yi yawa."

Wallahi sai matar nan ta tafa. Fuskarta ta washe, ta juya tana gaya wa abokan tafiyarta, suna ta murmushi. Na ce, "A'a, ina nufin ya yi yawa. Yawa." Ta ce ƙwarai kuwa, abin da suke so manya su ji ke nan daga bakin direba. Ta ce za su zo su ɗauki ɗan fim da za su riƙa nunawa a tarurruka, kuma motata za su shiga. Na kai ƙara, an ba ni lambar yabo. Na dubi sufabaiza, shi ma murmushi yake, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar ɗaukar fim suka shigo su uku: Madam, mai kyamara, da wani mai riƙe da doguwar sanda da gashi a kanta, wadda aka ce min ita ke ɗaukar sauti. Sufabaiza ya zauna a kujerar Baba, daidai ƙeyata. Tafiya ta yi kyau, na kwashe kowa, saura Baba. Sai da na karya kwanar layin su Baba mai kyamara ya ga dabinon gaban kantin da yadda rana ta kwanta a titi, ya ce nan ne. Ya sa na tsaya ya sauka da mai sandar, suka tsallaka ɗaya gefen. Madam ta ce in rufe duk gilasai, in gangara a hankali in tsaya, kada in buɗe ƙofa sai ta ba ni alama. Shirun suke so su ɗauka.

Ba halin in taɓa waya. Na gangara na tsaya daidai gaban Baba. Tsakaninsa da ƙofata bai wuce a miƙa hannu ba. Yana tsaye da kakinsa a goge, jaka a kafaɗa, ya ɗan karkatar da kunne yana jiran bam bam. Ya ga wani farin abu ya tsaya, na sani, amma fararen abubuwa suna tsayawa a wurin kullum, kuma ba nasa ba ne sai sun yi magana. Madam ta ce a hankali, "Dubi, bai ma san mun zo ba." Daɗi take ji.

Sai ga wata tsohuwar bas ta wani kamfani ta tsaya a bayana, tana tari, direbanta ya taka totur. Baba ya juya. Wataƙila ya ɗauka sabuwar ta lalace na dawo da tsohuwa. Ya bi ta gefen motata, kafaɗarsa tana kusan gogar fentinta, ya wuce ƙofata, ya je ya ɗora ƙafa a matakalar waccan. Ta madubi na hango direban yana ɗaga masa hannu yana korarsa. Baba ya ja da baya ya tsaya tsakanin motoci biyu, yana juya kai.

Nan na ce fim ɗinku ya ci ƙaniyarsa. Na zuge gilashi na daki motar, bam bam, har tafina ya yi zafi. Baba ya juyo ya taho kai tsaye. Na buɗe masa ya shigo, yana cewa, "Direba, yau ina ka shiga?" Sai ya lalubi kujerarsa ya dafa gwiwar sufabaiza.

Sufabaiza ya dube shi, ya dube ni a madubi, ya ce, "Tun yaushe?"

Washegari aka kai Baba gwajin ido. Kafin azumi ya kama, ya tafi. Ni na kai shi filin jirgi, kuma a hanya shi yake ba ni haƙuri, don na cika na batse. Amma da na nemi wanda zan sauke wa fushin sai na rasa. Sufabaiza? In ni ne ma, ba zan bar ƙofar sito a hannun wanda ba ya gani ba. Motar? Abin da aka ƙera ta ta yi, shi ta yi. Madam da ta gane abin da ya faru ta zo gareji idonta jawur, ta ce ta shiga ofis ta roƙa, an ce mata wannan ba huruminta ba ne. Ta tambaye ni me ya sa ban gaya mata ba. Na ce, "Na gaya miki." Ta ce ba ta gane ba. Na ce ni ma har yanzu ban gane ku ba. Daga baya, da sa bakinsu, aka ƙara wa motocin wata 'yar na'ura mai ƙara in sun zo tsayawa. Tana aiki sosai. Kullum tana yi min kuka a gaban kantin nan, inda ba ni da wanda zan ɗauka.

Fim ɗin ya fito. Wani injiniya ɗan gida da ke zaune a Bin Mahmud ya nuna min a wayarsa bayan sallar Juma'a, ya ce ya ga ana haskawa a wani taro. Sun yanke wurin da Baba ya bi waccan motar. Abin da suka bari shi ne dattijo a tsaye cikin natsuwa, dabino a bayansa, farar bas ta sulalo ta tsaya a gabansa bai ko motsa ba. Injiniyan ya ce wurin ne ya fi burge mutane. Na ce ya tura min, ni kuma na tura wa autar Baba, ban san dalilin da ya sa na yi ba.

An yi wa Baba aiki a ido ɗaya, ya buɗe. Autar kuwa ta jingine karatun tukuna, tana taya wata mai shagon magani zama. Wata rana ina wanke gilashin gaba a gareji ya kira ni, muryarsa wasai.

"Direba, na kalli fim ɗin nan da idona. Ashe motar kyakkyawa ce."

Na ce, "Ba laifi, Baba."

"Ashe haka ta matso kusa da ni?"

"Haka ta matso."

Ina jin kukan akuya da hayaniyar yara ta bayansa. Sai ya ce, "Na sa yarinyar nan ta tsayar min da hoton. Na gan ka ta gilashi, bakinka yana motsi. Me kake cewa?"

Ni ban ma san bakina ya motsa ba sai da ya faɗa. Na ajiye tsumman a kan taya.

Na ce, "Kai nake kira, Baba."

Ya ce, "Allah sarki. Ban ji ba."