Ustazar da ta koya mana gudu a kan jaki

Matar da ta koya mana gudu ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa da sauri ba. Gajeruwa ce, kakkaura, 'yar arewa can bakin kogi, in tana tafiya sai ka ce tulu aka naɗe da farin mayafi. Labarin ƙasa aka turo ta koyarwa a sakandarenmu ta 'yan mata da ke bayan garin Madani, a yankin Jazira can gabas kan tsohuwar hanyar hajji ta ƙasa, farkon shekarun saba'in. Wasanni kuwa faɗo mata suka yi a ka. Ranar da aka raba ayyuka a ofishin shugabar makaranta, wadda muke kira nazira, ita tana kwance da zazzaɓi, sauran malamai suka haɗa baki suka ce babu wadda ta dace da aikin kamarta.

Da ta warke aka buɗe mata ɗakin kayan wasa. Ta tarar da ƙwallo ɗaya da iska ta daɗe da ƙaura daga cikinta, da raga da ɓeraye suka yi walima da ita. Ta ɗauki usur ta rataya a wuya, ta rufe ɗakin, ba ta sake buɗe shi ba. Washegari ta sanar a filin taro cewa makarantarmu za ta shiga gasar gudun ƙetare gonaki, tun da shi ne wasan da ba ya bukatar komai sai ƙafa, kuma ta duba ta ga kowace a cikinmu ta zo da nata daga gida.

Yadda ta zaɓi 'yan gudu ma abin faɗa ne. Ba ta gwada kowa ba. Bakin ɗakin cin abinci ta je ta tsaya lokacin da ake buga ƙararrawar karin kumallo, ta zuba ido ta ga su wa ke riga kowa isa kan kwanon ful, wato dafaffen wake. A nan asirina ya tonu, ni da ƙawata, wata doguwar yarinya 'yar garin Abu Hujar da muke ɗaki ɗaya, da wasu 'yan ƙalilan. Yawancinmu 'ya'yan ƙauyukan Hausawa ne. Mun ɗauka horo za a yi mana saboda haɗama, sai muka ji an ce mu ne fatan makaranta.

Nazira ba ta so abin ba. Ta ce ba za a ga ƙaurin ɗalibarta ko ɗaya a waje ba. Malamar tamu, wadda muke kira ustaza, ta ce ta ji, ta sa tela ya ɗinka mana wanduna da riguna na farin yadin dammuriyya, kuma telan bai auna kowa ba, ido kawai ya yi amfani da shi, idon kuwa mai yalwa ne. In iska ta shiga cikinsu sai mu kumbura. Manoma sun ce da farko sun zaci buhunan auduga ne suka tsere daga ma'auna.

Kullum da hantsi bai ɗaga ba muke fita, mu bi gefen babbar tur'a, wato hanyar da ke kai ruwa gonaki, mu karya ta cikin auduga, mu zagayo ta bayan wani ƙauye. Ita kuma tana biye da mu a kan jakin mai gadin makaranta, laima a hannu ɗaya, ƙullin gasassun 'ya'yan kankana a cinya, tana ɓarewa tana tofar da ɓawo tana zaginmu. Ni ta ce ina gudu kamar mai ɗauke da ƙwai a zane. Ƙawata kuma ta ce mata Allah ya ba ta ƙafafun raƙumi ya haɗa mata da zuciyar kunkuru. Ba ta san komai game da gudu ba sai abin da ta karanta da abin da ta gani a jikinmu, amma tana da ido. In ta ga yarinya ta fara ɗingishi, ko da tana ɓoyewa, sai ta sauka ta ɗora ta a jakin, ita ta tako a ƙasa tana haki tana la'antar ranar da zazzaɓi ya kama ta.

Labari bai daɗe ba ya isa ƙauyenmu. Masu tsinkar auduga 'yan garinmu ne suka gan mu, kuma kafin maganar ta gama zagaya bakin masallaci ta yi ƙiba: an ce wata mahaukaciya ce a kan jaki take korar 'ya'yan mutane da sanda cikin gonaki, su kuma babu ko ɗankwali. Da na je hutu, baffana, yayan mahaifina, ya sa aka kira ni zaure. Shi ke yanke magana a gidanmu, mahaifina kuwa mutum ne da ya fi son hira da shanunsa.

Baffa ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "Ke, wa ka korar ki?"

Na ce babu kowa, Baffa.

"To mi kika bi?"

Na ce babu komai.

Ya juya wajen mahaifina ya ce ya ji da kunnensa, ga abin da boko ya yi wa ɗiyarsa: ba a kore ta ba, ba ta bin komai, kuma tana gudu. Ya ce ko akuya ba ta yin haka. Ya yanke cewa na gama makaranta.

Aka koma hutu ban koma ba. Ran Juma'ar da ta biyo sai ga lori ya tsaya a bakin gari, ustaza na zaune a kan buhunan albasa, ƙawata na riƙe mata laima. Kowa a garinmu yana jin Larabci, amma ita ta nace sai ta gai da manya da harshensu, ta sa ƙawata ta koya mata a hanya. Ƙawata kuwa sheɗaniya ce. Ustaza ta shiga zaure, ta rusuna gaban Baffa da dattawan da ke tare da shi, ta ce da ladabi, "Ina tuwona?"

Wani tsoho ya fara tari don ya ɓoye dariya. Tun da baƙuwa ta nemi abinci, sai Baffa ya sa a kawo. Haka aka yi shari'ata ana cin tuwon dawa da miyar kuka, barkono na sa ustaza hawaye, ba ta fasa kai loma ba. Ta yi masa bayani da Larabci cewa jikinmu a rufe yake ruf, har ya fi na matan da ke tsinkar auduga rufuwa, kuma sandar da aka ce tana riƙewa laima ce. Baffa ya ce shi ba tufafi ne damuwarsa ba, mace mai daraja ba ta gudu.

Kakata, mahaifiyarsu, tana bayan zana tana ji. Tsohuwa ce da ta taso daga ƙasar Sakkwato tana yarinya, ta keto duk ƙasashen nan da ƙafa a ayarin masu niyyar hajji, tafiyar da ta ƙare mata a Jazira da aure da 'ya'ya. Ta ɗaga zana ta shigo zauren maza ba sallama. Ta tambayi Baffa ko ya san yadda aka yi aka haife shi a ƙasar nan. Ta ce da ba ta iya gudu ba, da kura ta cinye ta a hanya tun ba a yi tunaninsa ba, kuma a ranar ba ta ga wani namiji ya tsaya yana mata wa'azin daraja ba, duk sun riga ta hawa itace.

"Ka bar ɗiyag ga ta yi gudunta," in ji ta. "In ta gaji ta tsaya da kanta."

Baffa ya ce to, Inna, ya shiga gyara rawaninsa. Da yamma na bi lorin albasa na koma makaranta.

An yi gasar cikin sanyi, lokacin da alkama ta yi kore, a wani fili bayan gari. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga babban jami'in ilimi da lasifika mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Samari aka fara sakewa, manya suka tafa musu, suka sha shayi. Da aka zo kanmu rana ta yi sama, rabin kujerun sun zama wayam. Aka hana ustaza bin mu da jaki, abin da ya ɓata mata rai ƙwarai, don ta sa an wanke shi. Ta tara mu ta ce kada mu kula da waɗanda za su fita da ƙarfi, kowace ta yi gudun da za ta iya zaginta a zuci ba tare da numfashi ya yanke ba. Wannan kuwa mun ƙware a kai.

Aka busa usur. 'Yan makarantun cikin gari suka fita kamar an cinna musu wuta, da fararen takalmansu, mu muna baya muna kumbura a iska. Abin da masu shirya gasar ba su sani ba shi ne, wani manomi ya saki ruwa a gonarsa da ke kan hanyar, don shi ba wanda ya gaya masa za a yi gasa. Muna karya kwana muka tarar da laka har gwiwa, 'yan mata na kuka suna laluben takalma. Ƙawata ta tattare wandonta ta ratsa kamar zalɓe. Ni ma na ratsa, har na fara jin daɗin kaina, na waiga don in ga wahalar mutane, sai na zurma cikin kwatar ruwa da ka. Na fito na ci gaba. Wani karen ƙauye ya ga abin da bai gane ba yana gudu, ya biyo ni, kuma gaskiya shi ya taimaka mini na wuce mutum biyun da ke gabana.

Ƙawata ce ta zo ta ɗaya. Ni ban shiga ukun farko ba, amma ban yi nisa da su ba, sai dai mai karɓar 'yan gudu ya tambaye ni daga wace makaranta nake, don babu abin da ake gani a jikina sai idanu. Da aka haɗa sakamako, kofin 'yan mata namu ne.

Jami'in ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa malaman wasanni na makarantun maza ɗaya bayan ɗaya, ya yaba wa nazirarmu saboda hangen nesanta, ya miƙa mata kofi. Ta karɓa tana murmushi kamar ita ta haife shi. Ustaza na tsaye a gefen rumfa da laimarta, ba a ambace ta ba. Da zai tafi ma ya tsaya kusa da ita ya tambaye ta wace ce 'yarta a cikinmu.

A lori kan hanyar komawa ba ta zagi kowa ba. Ta zauna ta zuba wa gonaki ido, ko 'ya'yan kankanarta ba ta taɓa ba. Wannan shirun ya fi mana kowane zagi ciwo, murnar kofin duk ta fita daga ranmu.

Da na je gida na ba Kaka labari. Ta yi tsaki, ta ce maza ke nan, a bar mata. Ana da sunan jaririn wata ƙanwar mahaifina, sai ta aika a gayyato ustaza da dukan 'yan gudu. Bayan maza sun yi addu'a sun watse, aka rufe ƙofar gida, aka kifa turmi a tsakar gida aka shimfiɗa masa buzu, aka zaunar da ustaza a kai ba ta san abin da ake shiryawa ba. Mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka fara kiɗa. Kaka ta ɗauko wani yadin dammuriyya ta naɗa mata rawani, ta yi masa kunnuwa biyu, ɗaya ya tsaya ɗaya ya langaɓe, ta ce daga yau ita ce Sarauniyar Gudu ta Jazira da kewaye, duk wanda bai yarda ba ya zo ya same ta. Aka yi guɗa. Wata ta kawo kaza, wata turaren wuta, matar Baffa ta ajiye ƙoƙon goro ta ce daga wani ne da bai so a faɗi sunansa.

Ustaza ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ga hawaye. Ta goge ido da kunnen rawanin da ya langaɓe, ta ce hayaƙin murhu ne. Sa'an nan ta miƙe ta ce tun da an ba ta mulki za ta gwada shi: duk matan auren gidan su jeru, daga bakin rijiya zuwa rumbu. Aka yi ta noƙewa, Kaka ta ce umarnin sarauniya ne. Ranar na ga gwaggonnina sun ɗaure zane a ƙugu suna tsere, kaji na tashi sama, wata ta rungumi rumbun don ta kasa tsayawa. Matar Baffa ce ta ci, da tazara mai yawa, ta roƙi kowa don Allah kada maganar ta fita zaure. Kafin magariba ta fita.

Shekarar da ta biyo aka yi wa ustaza canjin aiki zuwa garin Damazin. Mun raka ta tasha, ta hau gaban lori da akwatinta da kazar a kwando, ta ce mana mu daina kuka muna ɓata mata suna a gaban direba. Wadda ta gaje ta malamar ɗinki ce, ta mai da lokacin wasanni na saƙa. Mun ci gaba da fita gefen tur'a mu kaɗai har muka gama makaranta, ƙawata na gaba, ita ke yin zagin.