Rigar da Ba Ta da Rara

Shagon Mai Keke yana manne da nawa na sabulu, ko almakashi ta ajiye sai na ji. Tela ce mai hannu, ga baki kamar reza. Duk rigar yaro da za ta ɗinka sai ta ɓoye rarar yadi a cikin kalmasa, in ya girma a warware a buɗa. Rigunan 'yarta Auta kuwa ta buɗa su har rarar ta ƙare.

Auta ba ta wuce sha biyar ba, amma kafin ta hau matakalar ajinsu sai ta tsaya tana haki. Gwiwoyi ciwo, yara na kiranta Tanki. Likita ya ce ciwon sukari na bakin ƙofa. Ya tsara mata kifi da ƙwai da ganye da ruwa mai yawa, nauyi ya sauka da sauri, amma a riƙa kawo ta ana duba jininta.

Hankalin Mai Keke ya tashi, don sukari ne ya ɗauke mijinta, sai da aka yanke masa ƙafa tukuna. Tsoro ya sa ta ɗinka wata shuɗiyar riga mai kyau, 'yar ƙarama, ba ta bar rara ko ta yatsa ba. Ta rataye ta gaban madubin shago.

"Ranar da ta shige ki, mun tsira," ta ce wa Auta.

Yarinya ta riƙe maganar. Ta bar ƙwan, ta koma tura wa kyanwata kifin, sai ruwa kawai. Asibiti ma suka daina zuwa, tunda awon ƙugu kullum raguwa yake.

Na kasa haƙuri. "Yaya, leɓen yarinyar nan ya bushe, gashinta na zuba."

"Ke dai ji da sabulunki," in ji ta.

Ran nan da hantsi na ji faɗuwa, kwalaben shagona har suka girgiza. Na tarar da Auta a ƙasa, rigar ta maƙale mata a kafaɗu, ba ta motsi. Mai Keke na salati tana keta rigar da almakashi.

A asibiti aka sa mata ruwa. Likita ya ce yunwa ta taɓa bugun zuciyarta, dole ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Ban taɓa ganin Mai Keke tana roƙon kowa ba sai ranar. Ta durƙusa gefen gado da cokali, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Auta, don girman Allah, ko loma ɗaya. Ki yi ƙibarki, na yarda."

Auta ta kau da kai, muryarta da ƙyar take fita.

"Saura kaɗan rigar ta shiga, Mama. Bari sai na sake gwadawa."