Ƙarfe-Nawa da Romon Tafarnuwa

Duk layinmu ba wanda ke tuna sunansa na yanka. Ƙarfe-Nawa muke ce masa, don shekara talatin da ɗoriya ke nan yana zaune a ɗan shagonsa da bai fi faɗin akwatin kaya ba, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tonon cikin agogo kamar mai cire wa jariri ƙaya. Agogon bango goma sha ɗaya ne a bayansa, kuma ba guda biyu da suka taɓa yarda da juna. In ka tambaye shi lokaci sai ya ce, "Zaɓi wanda ya yi maka."

Mutum ne mai rowar magana. Matarsa ma bai taɓa kiran ta da komai ba sai "Kin ji ko?", har matan layi suka laƙaba mata shi ya zama suna. Ita kuwa Kinjiko Allah ya hore mata baki. Ita ke yin maganar su biyu, ta yi tambaya ta ba kanta amsa, shi nasa gyaɗa kai.

Sai 'yarsu tilo ta haifi tagwaye a wani gari mai nisan yini guda a mota. Kinjiko ta ɗaure kaya ta ce sati shida za ta yi. Sati shida ya zama wata bakwai. In an tambayi Ƙarfe-Nawa ya zaman kaɗaici, sai ya ce, "Lafiya lau, kunnena ya huta." Amma bangon gidajen nan namu ba ya riƙe sirri. Kullum da rana sai ya kamo tashar da mata ke gardama a rediyo, ya ƙure murya, ya zauna da kwanon abinci a cinya yana gyaɗa kai, abincin na hucewa.

Da sanyi ya shigo, mura ta kama shi. A gidan nan kuwa mura ba ta da magani sai romon tafarnuwa. Kinjiko kan ɓare kan tafarnuwa guda sukutum, ta daddanne ƙwayoyin da gefen wuƙa, ta soya a ɗan mai har ƙamshi ya fita titi ya gai da masu wucewa. Ta tsaida ruwa, ta sa gishiri da masoro. In ya tafasa sai samolina, wannan garin alkama mai tsaki-tsaki, daga ƙarshe ta kaɗa ƙwai ta zuba, ta matsa lemon tsami. Amma tukunyarta gindinta ya kumbura, rawa take yi a kan risho. Hannu ɗaya na riƙe da kunnen tukunya, ɗaya na juya ludayi, to wa zai zuba gari? Sai ta ƙwala kira, "Malam, ruwa ya tafasa!" Ya ajiye agogon mutane, ya wanke hannu, ya tsaya daf da kafaɗarta yana barbaɗa samolina da yatsun nan nasa, siriri-siriri kamar yayyafi, ita tana juyawa tana ba shi labarin duk wanda ya yi abin kunya a layi. Minti biyar ke nan, ba ƙari. Mutumin da ke gyara abin da ido ba ya gani, bai taɓa ɗaukar guduma ya daidaita gindin tukunyar nan ba. Ita ma ba ta taɓa cewa ya gyara ba.

Ranar da ya gwada shi kaɗai, gudaji suka taso kamar an zuba tsakuwa. Washegari ya saki kunnen tukunya don ya barbaɗa da kyau, tukunya ta yi rawarta ta kife, kyanwar layi ta shinshina ta wuce abinta.

Daga nan ya fara buga waya, shi da a da sai dai a kira shi. Kowace safiya da ya buɗe shago:

"Kin ji ko? Tafarnuwar nan, guda nawa?"

"Kai guda, Malam."

"To." Ya kashe.

Gobe kuma, "Gishirin fa, kafin ruwa ko bayan ruwa?" Jibi lemon tsami. Tambaya ɗaya tal a rana, yana ririta su kada su ƙare. Murar ta sake shi tun kwana na biyar, amma da zarar an ɗauka a can sai tari ya turnuƙe shi.

Mai kitson da ke maƙwabtaka da shagon ta leƙo. "Baba Ƙarfe-Nawa, wannan tari naka mai ilimi ne. Sai ya ji muryar Mama yake fitowa?"

"Koma kan mutane, kin bar shi rabi."

"Ka ce mata kana kewarta mana, ba za a kama ka ba."

Ya mayar da gilashi ido, ya koma kan agogonsa.

A kwana na goma sha biyu, da la'asar, 'yar ce ta kira. "Baba, mun yi shawara da maigidana. Mun gyara wa Mama ɗakin baya, ta zauna nan kawai. Ran Asabar za mu aiko mota a kwaso sauran kayanta. Ai ta ce ba ka damu ba, wata bakwai ko sau ɗaya ba ka ce ta dawo ba."

Bakin da ya saba ya riga shi. "To," in ji shi, ta kashe.

Ya rufe shago da sauran rana, abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga ɗaki ya tsaya. Ga mayafin Kinjiko a ƙusa, ga silifas ɗinta a gindin gado, ƙafa ɗaya ta hau ɗaya yadda ta tuɓe su. Kayan ba su da yawa, rabin mota ma ba za su cika ba. Ya zauna bakin gado ya danna lambarta.

"Kin ji ko? Ƙwan nan..."

"Malam, shekara talatin da huɗu kana tsaye a kafaɗata. Ka san ƙwai, ka san gishiri. Tarin ma na ƙarya ne, na san tarinka na gaskiya, daga ƙirji yake tasowa. Ga yara na kuka. In da magana ka yi ta."

Gumi ya keto masa, ga sanyi. Ya gyara riƙon wayar.

"Motar nan... kada ta zo ɗaukar kaya. Ta kawo ki."

"Me ka ce? Layin na yankewa."

Layin kuwa garau yake, har kukan tagwaye muna ji ta bango.

"Na ce ki dawo gida! Abinci ba ya shiga. Ba na jin daɗin komai."

Sai jan hanci daga can, ita da ba ta mura.

"Sai an samu mai raino," ta ce a hankali. "Ba zan bar yarinya da biyu ita kaɗai ba. Wata ɗaya, ko biyu."

"Biyu ya yi yawa."

"Au! Yau kai ne da ciniki?"

Asabar ta zo, mota ba ta zo ba. Yau kwana goma sha tara ke nan, an gwada masu raino biyu, tagwaye sun kore su. Ƙarfe-Nawa ya juya kujerarsa ta fuskanci bakin layi, aiki na kan cinya, ido na kan hanya. Duk motar da ta rage gudu a kwanar sai ya miƙe tsaye, in ta wuce ya yi kamar miƙa yake yi.

"Baba, ba ita ba ce," in ji mai kitso.

"Na sani. Baya ne ya riƙe."