Giɓin da Sulan Ta Hana a Toshe

Shekara arba'in Yen Sulan ta yi a wata ƙaramar maɗaba'a a birnin Tainan. Ta fara tun ana tsintar haruffan dalma da hannu, yanzu kuwa aikinta duba rubutu kafin a buga. Idonta abin tsoro ne.

Rubutun mutanen ƙasar ba ya barin fili tsakanin kalmomi, amma kwamfuta, da shegen karambaninta, duk inda aka karya layi sai ta cusa ɗan giɓi in an fitar da takarda. Kowa zai wuce bai gani ba. Sulan kuwa tana kurɓar shayi za ta ɗora farce a kai.

Wata safiya Malam Tsao, tsohon malamin makaranta, ya kawo ɗan littafin da ya rubuta a kan matarsa Meiyun, wadda za a yi jana'izarta washegari. Aka fitar, giɓi ya cika shi. Pien, mai maɗaba'ar, ya danna umarni ɗaya ya share su kaf.

"Yaya Sulan, ɗari huɗu cikin ƙiftawar ido! Ki ajiye tabaran nan ki huta."

"Sannu, gwani. Mayar da guda ɗaya."

"Wanne kuma?"

"Shafi na tara, kafin sunanta. Na na'ura rabin harafi ne. Wannan cikakke ne, mutum ne ya bar shi."

Pien ya yi dariya. "Ai iyaye da manya ake bar wa fili kafin sunansu. Wa ke girmama matarsa haka?"

"Buɗe ainihin rubutun da ya kawo ka gani."

Ya buɗe. Giɓin yana nan, faɗin harafi guda, a cikin ɗari huɗun da ta kalla sau ɗaya tak. Pien ya mayar da shi.

Da la'asar Malam Tsao ya zo karɓa. Bai duba bango ba, shafi na tara ya nufa, yana bin layi da yatsa. Sulan ta matso ta sake leƙa shafin, ita da ba ta taɓa shakkar idonta ba.

Yatsan ya tsaya a kan farin wurin.

"Shekara hamsin ina tafiya a gaba tana bina," in ji shi. "A nan ne kawai na samu na matsa mata."

Sulan ta cire tabaranta ta daɗe tana gogewa.