'Yar Ina Ce Yaya Hajara?

Unguwar Fadikpe, Minna, ƙarfe biyar da rabi

Muna idar da sallar Asuba muka tari keke mai ƙafa uku zuwa tasha, ni da yayata Hajara. Ni tela ne, ban taɓa taka ƙofar kotu ba, amma na kulle shago na ce ƙafata ƙafarta. Shekara goma sha tara tana aiki a laburaren wata kwalejin gwamnati. Sau uku ana neman shugaban laburare, sau uku ana tsallake ta a ɗora waɗanda ita ta koya wa aikin. Ta kai ƙara kotun ma'aikata a Abuja, ranar kuwa za a yanke hukunci. Ta riga ta rantse in ta faɗi, ajiye aikin za ta yi.

Lambata, takwas saura kwata

Mu bakwai ne a motar. Ramuka sun jijjiga mana hanji, mun wuce shingen 'yan sanda uku ba tare da wata matsala ba. A Lambata muka tsaya na sayi soyayyar doya da yaji, mai zafi har tana ƙona yatsa. Yaya ko kallonta ba ta yi ba, ni kuwa na taimaka mata da rabonta.

Direbanmu Ɗanladi, sarkin surutu, ya waiwayo ya ce, "Hajiya, 'yar ina ne?"

Ta kau da kai. Bawan Allah bai san gyambo ya taɓa ba. Kakanmu daga Zariya aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Nan aka haifi babanmu, nan aka yanke mana cibiya. To, a kwalejin akwai wata ƙa'ida: duk zaman da kwamiti ya yi, sai an aika kwafin bayanin taron zuwa laburare a ɗinke a adana. Wa ke buga masa hatimi? Yaya. Tana buɗe na kwamitin ƙarin girma ta ci karo da sunanta, a gabansa an rubuta ta cancanta, amma ba 'yar ƙasa ba ce, wato ba 'yar asalin jihar ba. Kai jama'a! Ka zalunci mutum a rubuce, sannan ka miƙa masa ya adana maka!

Abuja, ƙarfe sha ɗaya

Mun sauya mota a Zuba, muka isa kotu da sauran lokaci. Alƙaliyar ta yi minti arba'in tana karatu da Turanci, ni dai fuskar lauyanmu nake karantawa. Can sai na ji Yaya ta damƙi hannuna kamar za ta karya shi.

"Yaya, mun ci ko an cinye mu?"

"Yi shiru, Sani," ta ce, hawaye na zuba tana murmushi.

A waje lauya ya fayyace mini: takardar nan ce ta kayar da su, kuma kotu ta ce a ba ta kujerarta. Na yi farin cikin da ban yi ba tun ranar da aka haifa mini ɗan fari. Yaya ta ce yunwa take ji, ta share kwanon shinkafa tas.

Minna, gab da Magariba

Da muka koma Zuba muka tarar layin lodi ya zo kan Ɗanladi, muka sake shiga motarsa. Barci na yi har Paiko. Muna shiga gari, daidai inda titi ya ratsa layin dogo, Yaya ta taɓa kafaɗar kujerarsa.

"Direba, ɗan rage gudu. Da safe ka yi mini tambaya ban amsa ba. Ka ga ƙarfen nan? Da kakana aka shimfiɗa shi. Ni 'yar Minna ce."

"To ai ni ma haka na gani, Hajiya," in ji Ɗanladi.

Mun iso gida ana kiran salla. Alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa duk wanda ya yi mana addu'a. Litinin da safe ni na goge mata mayafin da ta tafi ofis da shi.